Kada Ka Buga wa Mai Tari Kiki Tukuna

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Maisuna,

Bayan sallama irin ta Musulunci da gaisuwa mai yawa, ina fata kun sauka lafiya, kai da katifarka da buhun geronka, da kuma wancan abin da aka ɗaure da igiya a bayan akori-kura. Allah ya sa ka shiga garin a sa'a, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa yaran da aka tura ka koyarwa su fi malaminsu jin magana. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na baki da na ido.

Ba zan cika ka da labarin gida ba. Kowa lafiya, dawa ta fara fitar da kai, sauran kuma Innarku za ta ba ka a waya, har da abin da bai faru ba tukuna.

Maganar babur ce ta zaunar da ni.

Ranar da za ka tafi, kuna ɗora shi a mota kai da ƙanenka Sani, na ji abin da ka faɗa wa Innarku a ƙofar gida. Ka ce, "Inna, Sani an ba shi gona, ni an ba ni gawa." A hankali ka faɗa, har da 'yar dariya. To ni ido ne ya yi mini rauni, kunnen yana nan da ƙuruciyarsa. Ina cikin zaure a kan buzu, na ji, kuma ban ce komai ba, don ka san ba mu saba ba. Kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina aka sa maka. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, kuma maganar da ke tsakaninmu ba ta wuce "an tashi lafiya" da "to, Baba." Shi ya sa na ce bari in gwada takarda, ita ba ta da idon da zan kalla.

Ban ji haushin maganarka ba. Duk wanda ya ga babur ɗin nan yadda ka fito da shi daga shago, taya a kwance, sirdi a yage, tsatsa ta yi masa lalle har gwiwa, abin da zai ce ke nan. Amma ba gawa ba ne. Suma ya yi, kuma ba yau ya fara ba. Na san hanyar tashinsa domin na taɓa tashinsa, kuma duk wani ramin da ke kan hanyar na faɗa ciki da ƙafata. Zan lissafa maka ramukan don ka kewaye.

Ka san dalilin jingine shi, amma ban sani ba ko an ba ka labarin daidai, don lokacin kana makaranta a birni. Yanar ido ce ta fara rufe ni ina musu. Rannan ina dawowa daga kasuwar Dawakin Tofa na hango wani jan abu shimfiɗe a gefen hanya. Na ce a raina, jar ƙasa aka zuba za a gyara mana hanya, Allah ya yi wa hukuma albarka. Na bi ta kai da ƙarfina. Ashe shanyar barkonon Hajiya Tabawa ce, maƙwabciyarmu. Ni atishawa, babur tari, Hajiya Tabawa salati. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Innarku ta tare ni da hannu a buɗe, ta ce, "Malam, ba ni makullin nan, kafin ka hau ɗan mutane ka ce tudu ne." Na ba ta, ina hawayen barkono, ta zaci na nadama ne.

Ramin farko a nan yake, wajen ajiya. Ni manomi ne, na yi wa babur abin da na san ana yi wa ƙarfe. In kaka ta wuce, mukan kankare garma da fartanya, mu shafa musu mai, mu rataye, damina ta zo ta same su garau. Sai na ɗebi man gyaɗar Innarku, sabon matsa, na shafe sarƙa, na shafe wayoyi, na tsiyaya a tanki a kan fetur ɗin da ke ciki, na ɗura kaɗan a bakin kafireto don cikinsa ma ya samu. Da na gama na lulluɓe shi da tsofaffin buhunan takin zamani, na jingine shi kusa da sabbin buhunan. Na koma baya na kalle shi ina jin babu wanda ya taɓa gatanta babur kamar ni.

Ban san abinci na dafa wa ɓeraye ba. Man gyaɗa in ya daɗe yakan daskare ya koma kamar ƙaro, fetur in ya tsufa shi ma haka, taki kuwa cin ƙarfe yake kamar gara da kara. Duk tsatsar da ka gani aikin hannuna ce, ba tsufa ba ne. Saboda haka in wata rana ta kama ka jingine shi, ko na hutun makaranta ne, ka rufe makullin mai yana aiki, ka bar shi ya shanye abin da ke kofinsa har ya mutu don kansa. Ka ɗora shi a kan dogon jaki, ka nisanta shi da taki, kuma kada ka ba shi abin da ake soya ƙosai da shi. Ba kowane gata ne ya dace da kowane abu ba. Ni na daɗe ban gane wannan ba, kuma ba a kan babur kaɗai ba.

Yanzu abin da nake so da kai, kada ka sake buga masa kiki. Na ji ka jajibirin tafiyarka, ka fito da shi gaban 'yan majalisa kana ta duka har silifas ɗinka ya tsinke, su kuma kowa ya zama bakanike, wannan ya ce fulogi, wancan ya ce a tura. Kowane bugu da ka yi, ƙazantar tanki kake jawowa kana cusa masa a maƙogwaro. Wanda ya daɗe a kwance ba a fizgo shi a ce ya yi gudu. Sai an fara wanke masa fuska.

Ka fara da tanki. Ka cire tiyo, ka kwance shi, ka zubar da abin da ke ciki nesa da wuta da nesa da rijiya. Za ka ji warinsa ya koma na tsohon fenti. Ka zuba kalanzir da 'yan tsakuwa masu tsabta, ka toshe baki, ka yi ta girgizawa kamar mai kaɗa nono, ka zubar, ka sake, har sai abin da ke fitowa ya daina kama da kunun kanwa. Ka tabbata tsakuwar da ta shiga duk ta fito. Sannan ka kifa shi a rana ya bushe. Ka buɗe akwatin soson iska da ke gefe, amma ka kau da fuskarka, don na tabbata akwai masu haya a ciki, su da ɓawon gyaɗarsu. Soson nan ba zai gyaru ba, sabo za ka sa. Ka leƙa bakin salansa, ka zura kara. Zanzaro ba ya ganin rami a shago ya ƙyale, kuma in ya yi gininsa a nan, ko aljani ne ya buga kiki babur ba zai tashi ba, domin abin da ba ya fitar da numfashi ba ya shaƙa.

Sai kafireto, wanda shi ne zuciyar maganar. A nan sai ka yi haƙuri in koma baya, tun kafin a haife ka.

Babur ɗin nan ba sabo na same shi ba. Na wani malamin gona ne da ya rasu, magada suka jingine shi a soro har kaji suka mai da shi wurin kwana. Da na turo shi gida, Ɗanlami ya zo kallo. Ka san Ɗanlami bakanike na Dawakin Tofa, ɗan kawuna, abokin wasana, Allah ya jiƙansa. Ya zagaya shi, ya ce, "Taubashi, kawo in tashe maka shi. Hannun da ya saba da ƙotar fartanya, in ya kama sukudireba sai ya yi noma da ita." Wannan maganar ce ta sa na rantse ni zan gyara abina.

Na zauna a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, na kwance kafireto, na cire kofin da ke ƙasansa, na fito da 'yar robar da ke iyo a ciki da allurarta, na kwance wani ɗan ƙaramin noti na tagulla mai huji a tsakiya, wanda bakanikai ke kira jet. Ta wannan hujin da bai fi tsinin ƙaya ba duk man da babur ke sha yake bi. Na jera su a ƙasa, a kan rairayi, kamar mai tallan goro. Na juya in ɗauki tsumma. Innarku tana da wata kaza wake-wake da ta zo da ita daga gidansu, kaza mai ido a tsaye. Ina juyowa na ga ta miƙa wuya, ta haɗiye, ta kalle ni ta gefe ɗaya.

Na tashi da wuƙa. Innarku, lokacin tana da cikinka, ta fito daga ɗaki ta tsaya tsakanina da kazar. Ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Ta cinye mini babur." Ta ce, "Duka?" Na ce, "Inda ya fi muhimmanci." Ta ce, "To kazar nan ƙwai take yi. Babur ɗinka me ya taɓa yi?"

Ba ni da amsa. Sai na kife kazar da kwando, na zuba mata dusa, na zauna jira. Duk abin da ta fitar sai na tona da tsinke. A haka Ɗanlami ya shigo ya same ni a tsugune. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Taubashi, kiwo ka koma ko duba? In duba ne, duba mini ko zan yi arziki." Har ya bar duniya bai daina tambayata lafiyar kazar ba.

Don haka a cikin ƙunshin da na haɗo da wannan takarda za ka ga farin faranti mai baki shuɗi. Na Innarku ne, na roƙa, ta bayar da sharaɗin a dawo mata da shi. Duk abin da ka kwance, a cikinsa za ka sa, ka jera bi da bi yadda suka fito, don mayarwa ta zo maka da sauƙi. Ka yi aikin da hantsi, a kan tabarma, a inda babu kaza, babu akuya, babu mai ba da shawara. Kuna da waya mai hoto yanzu, ka ɗauki kowane abu kafin ka taɓa shi. Ƙaramin abu shi ya fi saurin ɓata, kuma shi ne ba a tafiya sai da shi.

Kaza dai ta riƙe amanarta. Da Ɗanlami ya gaji da dariya, ya laluba aljihu ya ba ni wani tsohon jet, ya ce, "Ya toshe, ka jiƙa shi a fetur ya kwana, gobe ka hura." Ni kuwa ina gaggawa, ina so Juma'a ta same ni a kan babur. Na ce wane irin jira, abin da ya toshe ai tsokana ake yi. Na ɗauko allurar ɗinkin Innarku na zura, ta ƙi, na murza, na ƙara murzawa, har ta wuce fit. Na ɗaga na ga haske ya fito sosai, na ce madalla, yanzu ma ya fi na kamfani.

Babur ya tashi, ban ce bai tashi ba. Amma ya zama mashayi. Man da ya kamata ya kai ni Rijiyar Zaki ya dawo da ni, a Tofa yake ƙarewa. Baƙin hayaƙi a bayana kamar ana ƙona kara, fulogi kullum a jiƙe, ga wani tari da yake yi, ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya, kamar tsoho a sahun gaba. Tun daga nesa yara ke ihu, ga Mai Tari nan, ga Mai Tari nan. Asalin sunan ke nan, in ba ka sani ba. Na kai wa Ɗanlami ƙara, ya kwance, ya ɗaga jet ɗin sama, ya ce, "Wannan ai ba huji ba ne, ƙofar gari ce. Wa ya yi maka wannan ɗanyen aikin?" Na ce wani yaro ne. Ya ce, "Yaron nan da gemu na gan shi."

Tagulla taushi gare ta, ƙarfe yana cin ta, kuma hujin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Don haka kada allura ko basilla ko ƙusa su kusanci kafireton nan. Ka jiƙa ƙananan ƙarafan a sabon fetur cikin gwangwani mai murfi, ka manta da su har washegari. Robobin kada ka jiƙa, gogewa kawai. Ka wanke kofin da tsohon burushin haƙori har koren dattin nan ya fita. Kowace 'yar hanya da ke jikin kafireton ka hura mata iska, in akwai mai faci a garin ka roƙi bututunsa. Ka ɗaga jet ka kalli sama ta cikinsa. In ka ga ɗigon haske zagayayye, ya isa. In ba ka gani ba, ka sake jiƙawa, ka gwada da silin burushin, ka sake jira. Akwai wani noti a gefe mai ɗan ƙarfe nannaɗe a jikinsa, wanda ke daidaita iska. Kafin ka kwance shi ka lura da inda yake tsaye, ka mayar da shi nan. Yaran da za ka koyar ma haka za ka same su. Za ka ga wanda kansa ya toshe, hannunka ya yi ta ƙaiƙayi. Ka tuna da allurar Innarku.

Ga ƙarshen labarin kaza. Da aka haife ka, cikin kajin da aka yanka wa mai jego har da wake-wake, don ta daina ƙwai. Gwaggonka tana gyara ƙundu sai ta ji wuƙa ta daki wani abu. Ta wanke ta aiko mini zaure a cikin ganye, a ce wa Malam ga ajiyarsa. Ya fito yana ƙyalli, tsakuwar cikin kaza ta goge shi fiye da yadda kowane bakanike zai iya, hujinsa yana nan yadda Allah ya nufa. Mutane na shigowa barka, ni kuma ba halin in nuna murna, ɗan fari ne. Sai na zagaya bayan gida na ɗaura shi a kafireto, na buga, babur ya tashi da wata murya mai laushi da ban taɓa jin ta ba. Na hau na yi ta zagaya gonaki ni kaɗai, ina dariya kamar wanda ya taɓu. Wanda ya gan ni ya ce murnar babur nake. Tarin ya warke daga ranar, sunan ne ya ƙi warkewa.

Jet ɗin da za ka samu a cikin kafireton nan shi ne. Ban taɓa canza shi ba. Sa'anka ne, sati ɗaya kuka fito duniya. In ka riƙe shi, ka riƙe shi da ladabi.

Sauran aikin ba shi da labari mai daɗi, amma kada ka tsallake. Ka juye tsohon baƙin mai ka zuba sabo kafin injin ya juya ko sau ɗaya. Ka cire fulogi, ka ɗiga ɗan baƙin mai a raminsa, ka taka kiki da hannu a hankali don cikin ya saki jiki. Ka sa sabon fulogi, ka jingina shi da jikin inji ka taka ka ga ko wuta na tsalle, shuɗiya ake so. In babu, ka bi wayoyi, za ka samu inda ɓera ya yi kalaci. Sarƙa ka wanke da kalanzir ka cire mata man gyaɗata. Tayoyin nan kada ka yarda da su ko sun ɗauki iska, sun tsattsage ta gefe, kuma hanyarku yashi ce da ƙaya. Birki kuwa, shi za ka gyara kafin totur. Na taɓa mantawa da wannan, kuma dangar gidan Liman ce ta tuna mini. In za ka sayi mai wajen 'yan bumburutu, ka shinshina, ka tace da ƙyalle mai tsabta. In wani abu ya fi ƙarfinka, ka kai wa mai sana'ar, ka tsuguna kusa da shi ka kalla. Girman kai ne ya sa ni tonon kashin kaza.

Yanzu saura rami ɗaya, kuma shi ne na daɗe ina kewayawa a takardar nan kamar yadda nake kewaya ka a tsakar gida.

Babu wanda Mai Tari bai ɗauka ba a garin nan. Ya kai masu naƙuda asibiti, ya kai amare, ya ɗauki buhu, ya ɗauki akuya, ya ɗauki Hajiya Tabawa kanta kafin mu ɓata. Sani a kan tankinsa ya girma, shi na koya wa canza giya. Kai kaɗai ne bai taɓa ɗauka ba. Haka muka tarar, uba ba ya goya ɗan farinsa a bainar jama'a, kada a ce ba shi da kunya. Ni kuma na riƙe abin da hannu biyu, har na fi waɗanda suka koya mini.

Ka tuna wata ranar damina kana sakandare, an ba ku hutu, ka taho a ƙasa daga Dawakin Tofa da akwati a ka, ruwa ya kama ka a hanya? Na zo na wuce ka. Bayana babu kowa. Na san ka gane ni, ai ko kurma ya san ƙarar Mai Tari. Na sassauta, ƙafata har ta taɓa birki, sai na hango mutane sun fake a rumfar mai shayi suna kallon hanya. Na murɗa totur. Ba da jimawa ba Ɗanlami ya zo a nasa babur ya ɗauke ka, ya ce maka wucewa ya zo yi. Ba wucewa ya zo yi ba. Ta burtali na zagaya na koma har rumfarsa na tashe shi cikin ruwan nan. Yana ɗaura leda a ka yana zagina. Ya ce, "Taubashi, kai wane irin bakanike ne? Mai a tanki fal, ka rufe makulli, ka ce a tura." Na ce, "Kai dai je ka." Ya ce, "Zan je. Amma yaron nan bayanka ya gani, ba cikinka ba."

Gaskiya ya faɗa. Na isa gida kafin kai, na zauna a zaure, ka shigo a jiƙe ka durƙusa ka ce, "Sannu da gida, Baba." Na ce, "An dawo?" Shi ke nan abin da na iya.

Ban ce kunya banza ba ce. Ita ta riƙe gidajenmu, kuma ina so ka tafi da ita garin mutane. Amma ta ɗauko hali irin na man gyaɗa, a garma gata ne, a kafireto toshewa. In Allah ya ba ka naka ɗan farin, ka ƙi kiran sunansa in ka ga dama, ka kau da kai in ana yabonsa. Amma in ka same shi a hanya ruwa na dukansa, ka tsaya. Masu rumfar shayi za su yi magana, shayinsu bai huce ba sun manta. Shi ba zai manta ba.

Gonar da na ba Sani, don shi ne mai zama, kuma ƙasa ba ta bin mutum zuwa wani gari. Babur ɗin nan kuwa Sani ya roƙe ni shi har ya gaji. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun yi sallama a kansa ba sau ɗaya ba, na ce ba na sayarwa ba ne, yana da mai shi. Tun ranar da na lulluɓe shi, da kai na lulluɓe. Na so in tashe shi da hannuna in miƙa maka yana aiki, amma yanzu in na ɗaga jet sama, hazo kawai nake gani. Wannan rubutun ma da ka ga haruffansa kamar sawun raƙumi, dalilin ke nan. Abin da ya rage sai idonka.

In ka gama ɗaurawa, ka buɗe makullin mai, ka ɗan jira kofi ya cika, ka ja cok, ka yi bisimilla. Ba lallai ya amsa a bugun farko ba, ya daɗe ba a yi masa magana ba. In ya tashi zai yi hayaƙi, zai yi tari, kada ka tsorata kuma kada ka murɗa masa wuya. Ka bar shi ya yi ta gunaguninsa har ya faɗi abin da ke ransa, muryarsa za ta daidaita.

Daga nan ina da buƙata ɗaya. In an yanke dawa hanya ta bushe, ka zaɓi wata Juma'a ka taho da shi. Ka dawo wa Innarku da farantinta. Ni kuma za ka same ni a zaure da farar rigata, ka kai ni masallaci Tofa. Ba ta burtali za mu bi ba. Ta gaban majalisa za mu bi, mu wuce ta rumfar mai shayi, a hankali, yadda kowa zai gani. Zan zauna a baya in riƙe kafaɗarka, don ban saba da zaman baya ba, kuma ba na ganin ramuka. In wani ya yi magana, ka ce makaho ka taimaka wa.

Direban da zai kawo maka wannan ya ce shi ba zai shiga garin mutane yana cigiyar Maisuna ba, sai in rubuta suna sosai a bayan ambulan. Na aika a nemo Sani ya rubuta, aka ce yana gona. Sai na rubuta da kaina. Ka duba ka gani. Hannun bai karye ba.

Innarku tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Sani yana gaishe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kiyaye ka a kan kwalta da kan yashi, ya raba ka da gaggawa da mugun mai da mugun aboki. Allah ya yi maka albarka, ya tashi Mai Tari a hannunka, ya kawo mini ku gida lafiya ku biyun.

Ni ne mahaifinka,
mai sauraron hanya.